Ranar da Baba Zai Ce Maka "Samari, Daga Ina?"

'Ya'yana da jikokina,

Kullum muna yi wa iyayenmu addu'ar tsawon rai, kuma Allah yana amsawa. Sai dai kaɗan ne a cikinmu suke zama su yi tunanin abin da tsawon ran yake tafe da shi, da wanda zai ɗauka idan ya iso. Akwai tsohon da Allah yake bar masa hankalinsa garau har ranar komawa, yana ba ka labarin zamanin Sardauna da dalar gyaɗa tiryan-tiryan. Akwai kuma wanda jikinsa da sauran ƙwari, yana cin tuwonsa, yana takawa masallaci, amma tunaninsa yana sulalewa a hankali, har ranar da zai ɗaga kai ya dubi ɗan cikinsa ya ce, "Samari, daga ina?" Na ga wannan rana a gidaje da dama, na ga yadda take karya zuciyar manyan maza. Shi ya sa nake so ku san ta tun kafin ta zo muku.

Abin ba ya shigowa da sallama. Inna ta ɗora miya ta manta da ita har tukunya ta ƙone. Ta tambaye ka ko yara sun tafi makaranta, ka amsa, kafin ka ajiye buta ta sake tambaya. Baba ya idar da La'asar, jim kaɗan ya tashi neman ruwan alwala, ya ce bai yi ba. Wata rana a tsince shi a bakin kasuwar da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikinta, yana waige-waige, ya rasa ta ina ake komawa gida. Mantuwa kam kowa yana yi. Sunan baƙo yakan kuɓuce wa mutum, sai can da dare ya faɗo masa. Wadda nake nufi ita ce wadda mutum zai manta an ma yi baƙon, kuma tana ƙaruwa wata bayan wata, har ta shiga tsakaninsa da lissafin kuɗinsa, da girkinsa, da sa tufarsa.

Mu a gida mukan ce ai gigin tsufa ne, mu ja bakinmu mu yi shiru. Likitoci kuwa sun tabbatar ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho yake kamawa ba. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, shi ya fara bayyana nau'in da ya fi yawa a 1906, bayan ya bi halin wata mata a birnin Frankfurt da ta rikice tana 'yar shekara 50 da ɗoriya, ya kuma duba ƙwaƙwalwarta bayan rasuwarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne suke fama da irin wannan ciwo a duniya, kusan miliyan 10 suna ƙaruwa duk shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, irin namu. Mu Musulmi ma bai kamata ya zo mana a baƙo ba, don Alƙur'ani ya ambaci wannan hali na wanda ya yi nisan kwana har saninsa ya kuɓuce masa, a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5.

Ku fahimci yadda ciwon yake aiki, don a nan haƙurinku zai sami madogara. Yakan fara ne da cin sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon abu. Kamar rumbu ne: hatsin da aka zuba daga baya shi ne a sama, shi ake fara kwashewa, na ƙasa da aka zuba tun farkon kaka shi yake daɗewa. Shi ya sa Inna ba za ta tuna ta sha koko da safe ba, amma za ta jero maka ƙawayen da suka rako ta ɗakin miji, har da wanzamin da ya yi wa ɗanta na fari askin suna. Kada wani ya ce, "Ai tana sane, abin da ta ga dama take tunawa." Wallahi ba ta sane. Akwai kuma nau'i na biyu da ya kamata ya dame mu ƙwarai, wanda ke biyo bayan hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, inda ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa suke toshewa ɗaya bayan ɗaya. Baban da ya daina shan maganin hawan jini don ya ji sauƙi, ku lallaɓa shi ya koma sha.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sunan da mukan laƙaba wa ciwon idan ya yi nisa. Tsohuwa ta fita cikin dare, an tsince ta a bayan gidan wani, ɗankwali ya faɗi, tana surutai, tana kiran sunayen waɗanda suka daɗe a kabari. Idan aka yi rashin sa'a akwai yaro kwance a unguwar, sai raɗe-raɗi ya tashi: ta kama masa kurwa. A taru a kanta, a ce sai ta tsallaka shi. A yi ta jefa mata tambayoyi, ita kuwa da ba ta san yau wace rana ba ce sai ta amsa duk abin da aka ɗora mata, a ce ai ga shi ta faɗa da bakinta. A arewacin Gana har yau akwai matsugunan da matan da aka kora da zargin maita suke fakewa, irin na Gambaga, kuma a watan Yulin 2020 duniya ta ga yadda aka kashe wata tsohuwa 'yar shekara 90, Akua Denteh, da duka a garin Kafaba kan irin wannan zargi. Kada mu ce can ne. Kalmar mayya ba ta da wuyar fita a bakinmu mu ma. Ku ne kuka yi karatu. Duk inda kuka ga an yi dafifi a kan tsohuwa, ku shiga ku tsaya a gabanta, ku lulluɓe ta, ku kira mai unguwa, ku nemo danginta. Addu'a da tofi babu mai hana ku, ni ma ina yi. Amma duka da sunan fitar da aljani, da turnuƙe tsoho da hayaƙi a ɗaki, da ɗaure masa ƙafa, waɗannan zalunci ne, ko wane ne ya ba da shawarar.

Ku kai shi asibiti, kuma ku kai shi da wuri. Na san abin da ke hana mu: kada a ce 'ya'yan wane sun kai ubansu asibitin mahaukata. Ku bar mutane da bakinsu. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Shika, akwai asibitocin Dawanau da Kware da Barnawa da Maiduguri, 'yan uwanmu na Nijar kuma suna da manyan asibitocin Yamai da Damagaram. Babban dalilin zuwa shi ne ba kowace rikicewa ce wannan ciwo ba. Idan tsoho jiya lafiya lau, yau ya wayi gari yana sambatu bai san inda yake ba, wannan sau da yawa wani abu ne ya tayar da shi: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki, faɗuwar suga, ko wani maganin da bai karɓe shi ba. Irin wannan gaggawa yake so, kuma in an yi maganin tushen, hankali yakan dawo. Ciwon damuwa da ƙarancin bitamin B12 ma sukan yi kama da ciwon mantuwa, kuma suna da magani. Wani tsohon ma kunne ne ya yi nauyi, ko yanar ido ta rufe masa gani, sai ya daina shiga hira, a ce ya rikice. Kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024, cikinsu har da raunin ji da raunin gani da hawan jini da shan taba da kaɗaici, ya ce da za a magance su da an kauce wa kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon, ko a jinkirta shi. In kuwa likita ya tabbatar shi ne, to ku sani har yau ba a samo mai warkar da shi ba. Akwai ƙwayoyin da sukan rage wa wasu alamomin na wani lokaci. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya dawo wa Baba da hankalinsa cikin mako guda, aljihunku yake nema. Maganin barci na kemis kuma kada ku saya masa da ka, yakan ƙara rikicewa ya kuma jawo faɗuwa.

To, an dawo gida. A nan ne aikin yake, kuma mafi yawansa a harshe yake.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da mijinta ya daɗe da rasuwa. Kowace yamma sai ta ce a zuba wa Malam tuwonsa a rufe da faifai, ya kusa shigowa. Ɗanta mutum ne mai tsoron ƙarya, sai ya durƙusa ya ce, "Inna, Malam ai Allah ya yi masa rasuwa, da mu aka kai shi." Sai ta dafe ƙirji ta yi salati, ta fashe da kuka, tana cewa me ya sa ba wanda ya gaya mata. Gobe da yamma a sake. Kullum ana yi mata sabuwar mutuwa, kullum tana karɓar ta kamar yau aka yi. Jikarta ce ta gano bakin zaren. Ta ɗauko kwanon ta zauna a gefen tabarma, ta ce, "Kishiya, wai da wace miya mijin namu ya fi son tuwon nan?" Tsohuwa ta harare ta, ta yi dariya, ta ce miyar kuka mai daddawa, a kwarara man shanu, kuma in gishiri ya yi yawa ba ya magana, sai dai ya ture kwano. Daga nan ta shiga labarin yadda yake dawowa daga gona, da kekensa, da ranar da ya kawo mata atamfa daga kasuwar Kurmi. Kafin a kira Isha'i ta ci nata tuwon, zancen ajiye na Malam ya wuce. Yarinyar nan ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Ta dai gane cewa kewa ce take magana a bakin kakarta, sai ta amsa wa kewar.

Ku lura da wannan wasa na jika da kaka, wata ni'ima ce da Allah ya ba mu a al'adarmu. Ɗan fari, wanda uwa ba ta ko faɗar sunansa saboda kunya, ba zai iya zolayarta ta buɗe baki ta sha magani ba. Jikan da take kira angonta kuwa zai iya. Kada ku kore yara daga ɗakin tsoho da sunan kada su dame shi. Ku dai koya musu kada su yi masa dariyar raini, kada su tsokane shi don su ji ya yi ɓaram-ɓarama.

Gardama da mai wannan ciwo ba ta da riba. In ya ce yau Juma'a alhali Talata ce, me zai ragu a jikinka in ka bar shi? In ta tambaye ka abu sau goma, to a wurinta duk na farko ne, ka amsa da muryar da ka amsa na farkon. Masu zuwa dubiya kuma, don Allah ku daina yi wa tsoho jarrabawa. "Baba, ka gane ni? To wane ne ni? Faɗi sunana mu ji." Ka dubi fuskarsa a lokacin: yana lalube, yana murmushin kunya, ya san ya kamata ya sani amma abin ya ƙi zuwa. Ka sauƙaƙa masa. Ka zo ta gabansa, ka durƙusa yadda aka saba, ka ce, "Baba, ni ne wane, ɗan wance, na zo gaishe ka." Kada kuma a zauna a kansa ana cewa ai ya gama rikicewa, kamar ba ya wurin. Kalmomin za su ɓace masa, amma ɗacin da suka bari yakan wuni a ransa, ya ƙi cin abinci bai san dalili ba. Haka ma daɗi: zai manta wa ya zo, amma ya wuni da walwala.

Sai maganar sata, wadda ta raba zumunci a gidaje da yawa. Tsohuwa ta ɓoye kuɗinta a cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa, ta manta, ta ce an ɗauke. Wa za ta zarga? Wadda take gani kullum, wato mai jinyarta, wadda ta wanke mata zani da asuba. Ke 'yata, na san yadda wannan yake ƙona rai. Kada ki ɗauko Alƙur'ani ki ce za ki rantse. Ki ce, "Subhanallahi, Inna, tashi mu duba tare." Da sannu za ki haddace maɓoyanta. Ku kuma sauran 'yan uwa, idan kun zo ta kai muku ƙarar matar wanku, ku yi bincike da hankali kafin ku buɗe baki. Ana cutar tsofaffi, gaskiya ne, kuma dole a sa ido. Amma an sha zubar da mutuncin baiwar Allah a kan kuɗin da daga baya aka tsinta a ƙulle a bakin zani.

Za ku lura rikicin yakan tsananta da almuru. Rana na faɗuwa sai Baba ya ɗauki takalmansa ya ce zai tafi gida, alhali a gidan da ya gina da hannunsa yake. Mutane sukan ce lokacin fitar iskoki ne. Likitoci sun san wannan a matsayin ɗabi'ar ciwon, gajiyar wuni da dusashewar haske ne suke haɗuwa. Ku kunna fitila tun kafin duhu, ku rage ƙarar talabijin da hayaniya. In ya dage sai ya tafi, kada a tare ƙofa ana kokawa. Wani ya ce, "To Baba, mu je in raka ka," a zaga ta bakin masallaci, a gaisa da mai shayi, a dawo, sau da yawa zai shigo ya zauna kamar ya iso inda ya nufa. Ku sa takarda mai sunansa da unguwa da lambar wayarku a aljihun kowace rigarsa. Ku gaya wa masu shago da 'yan acaɓan bakin layi halin da ake ciki. Ɓoye ciwon shi ke sa tsoho ya ɓata ba wanda ya tare shi. A rufe rijiya, a ɗauke ashana da kalanzir da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai.

Jiki ma yana da nasa haƙƙi. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, don haka a bazara kada ku jira ya nema, ku riƙa miƙa masa ruwa kaɗan-kaɗan. In ya fara ƙwarewa, a zaunar da shi sosai kafin a ba shi, kunu ya yi ɗan kauri, kada a ɗura masa yana kwance. Wanda ya kwanta ba ya tashi, a juya shi duk bayan kamar awa 2, a duba ƙugu da dugadugai, don gyambon kwanciya ya fi sauƙin hanawa a kan warkarwa. Tsugunno ya fi ƙarfin gwiwarsa, a samo kujera mai huda. Wajen wanka kuwa, ɗa namiji ya yi wa uba, 'ya mace ta yi wa uwa, a rufe ƙofa, a bar zani a jiki ana wanke sashe-sashe. Ranar da ya ɓata shimfiɗa, ka gyara ba tare da tsaki ba, kuma kada labarin ya fita tsakar gida. Mutumin nan ya yi shekaru yana rufa muku asiri.

Game da ibada, ku kwantar da hankalinku. Malamai sun yi bayani cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. In ya yi Magariba raka'a biyar, ko ya maimaita Azahar, ku bar shi da Ubangijinsa. Kada a tilasta masa azumi cikin zafin nan, a jawo masa wata cutar. Abin mamaki, sau da yawa wanda ya manta sunan 'ya'yansa, in ka ja masa Fatiha sai ya ƙarasa, in ka miƙa masa carbi yatsunsa su kama aiki. 'Yan uwanmu Kirista ma suna ganin haka da waƙoƙin coci. Ku kunna masa karatun da ya saba ji, ko Shata in shi yake so a zamaninsa, ko Barmani Choge ga Inna, ku ga yadda fuska take saki.

Tun yana da sauran fahimta, ku zauna da shi cikin ladabi a rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi, a san inda takardun gona da na gida suke, a ji wasiyyarsa. Katin banki da kuɗin fansho a damƙa wa mutum guda amintacce, yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, kowa yana gani. Wanda kuma ya lallaɓa ya dangwala yatsan uban da ba ya cikin hayyacinsa a takardar sayar da fili, ya sani cinikin bai inganta ba a shari'a, kuma akwai ranar tsayuwa.

Yanzu bari in juyo kanku, ku maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatarwa wajen jinyar masu wannan ciwo mata ne suke bayarwa, kuma ko ba a faɗa ba mun gani a gidajenmu. Kullum akwai mace guda da kayan ya faɗo a kanta: 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar ɗan da ke zaune a gidan gado, ko amaryar da Baba ya auro daga baya. Ita ce ba ta barci, ita ce ta daina zuwa biki da suna, ita ce sana'arta ta tsaya. Ku kuna Abuja ko Legas ko Jidda, ku turo kuɗi ta waya, ku bugo ku ce yaya mai jiki, a ce da sauƙi. Da Salla ku zo ku dube shi ku ce, "Kai, Baba ya rame, anya ana ba shi abinci kuwa?" Kun san nauyin wannan kalma a kunnen wadda ta kwana tana canza shimfiɗa? Kuɗinku yana da amfani, Allah ya ƙara buɗi, yana sayen magani da famfas. Amma ba ya rama mata barcin da ba ta yi ba. Ku tuna kuma, malamai da yawa sun bayyana cewa jinyar iyayen miji ba wajibin matar ɗa ba ce, kyautatawa ce take yi; wajibin a wuyanku yake. Uwaisul Ƙarni, da ake ba mu labarinsa tun muna makarantar allo, namiji ne, kuma hidimar mahaifiyarsa ce ta tsare shi a Yaman har bai sadu da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku yi taron gida ku raba kwana, a rubuta: wane daren Juma'a, wance Asabar da Lahadi, na nesa ya ɗauki hutu ya zo ya karɓe ta mako guda cur, ta tafi gidansu ta huta. In da hali a ɗauki mai taimako a biya. Ke kuma mai jinya, ranar da kika ji ranki ya ɓaci har kin ɗaga murya, ki fita tsakar gida ki sha ruwa, ki yi istigfari, ki dawo. Gajiya ce, kuma gajiya ba rashin imani ba ce. Ki faɗa da bakinki cewa kin gaji, ki auna naki jinin, ki ci abinci a kan lokaci. Mun sha ganin mai jinya ta riga majinyaci kwantawa.

Akwai wani baƙin ciki da ba a yi masa zaman makoki, na wanda mahaifiyarsa tana raye a gabansa amma ba ta san shi ba. Ba mai zuwa ya ce maka yaya haƙuri, don ba a yi rasuwa ba, alhali kullum wani abu nata yana tafiya. In hawaye ya zo maka a wannan hali, ka bar shi ya zubo. Idan kuma ranar ta zo, Allah ya karɓi abinsa, za ka iya jin wani sauƙi-sauƙi a ƙirji tare da zafin rabuwa, sai ka tsargu, ka ce anya ni ɗan kirki ne? Kusan duk wanda ya yi doguwar jinya ya san wannan. Ka ga wahalarta ta ƙare ne, kuma jikinka ya sauke abin da ya daɗe yana ɗauke da shi.

A wajen makoki mun iya cewa a yi haƙuri, har wani lokaci mukan mayar da kalmar abin toshe bakin mai kuka. Manzon Allah ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufa da faɗar abin da bai dace ba. Kuma lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, umarni ya yi a dafa wa iyalansa abinci, don abin da ya same su ya shagaltar da su. Mu kuwa yau gidan mutuwa ne yake ɗora tukwane yana ciyar da 'yan gaisuwa, wani har da cin bashi, bayan jinya ta riga ta cinye abin hannu. Ku gyara wannan a zamaninku. Ku shigo da kwanonku, kada ku zo jiran nasu.

Sannan ku sa ido a kan wanda aka bari. Kwana uku gida cike, ranar bakwai a dawo, wasu su yi arba'in, daga nan ƙafa ta ɗauke. A lokacin ne tsohuwa take fara jin girman ɗakin, tana cikin takabarta ta wata 4 da kwana 10. Ita ma da sauƙi, mata sukan leƙo ta. Tsohon da matarsa ta rasu ya fi ba ni tausayi. Ba shi da takaba, ba a sa ran ya yi kuka, washegarin uku an ga ya fita masallaci an ce ai Malam ya dangana. Alhali wadda ta san yadda yake son kununsa ta tafi, abokan majalisarsa kuma ana ta ɗauke su ɗaya-ɗaya. Sai ka ga ya rage ci, ya rage magana, rigar jiya ita ce ta yau. Zumunta a ƙafa take: ku je ranar da ba ta kowa ba, Talata da hantsi, ku zauna ba gaggawa. Kada ku kauce wa sunan marigayiyar don gudun tayar masa da hankali, yana son a ambace ta. Manzon Allah ya ci gaba da ambaton Nana Khadija shekaru bayan rasuwarta, in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta. Ku ma ku riƙa gaishe da aminan iyayenku, kuna kai musu ɗan abin da ya sawwaƙa. In kuma watanni sun shuɗe tsoho bai dawo da cin abinci da barci ba, ko ya fara cewa shi ma zamansa ba shi da amfani, ku kai shi ga likita, don ciwon damuwa yana kama tsofaffi kuma ana maganinsa.

Wajen rabon gado kuma kada ku yi gaggawar tayar da Inna daga ɗakinta. Na ga an sayar da gidan cikin gari, an kai tsohuwa wani katafaren gida a sabuwar unguwa, mai dogon gini da maigadi, da niyyar a hutar da ita. Ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga, ba almajirin da ta saba ba wa ɗumame, ba ta san ta ina banɗaki yake ba in ta farka da dare. Mai ciwon mantuwa da sabo yake rayuwa, sauyin wuri yakan ƙara rikita shi. In da yadda za a yi, magada su yi haƙuri, a bar ta inda ƙafarta ta san kowane lungu, wani ya dawo kusa da ita. In kuwa tashin ya zama dole, ku tafi da gadonta da kwallayenta da tabarmar sallarta, ku jera su yadda suke a tsohon ɗakin, ku bar fitila a kunne a hanyar banɗaki, kuma duk Juma'a a aika mota ta ɗauko mata ƙawarta ta tsohuwar unguwa su wuni tare.